Yadda Ake Shawo Kan Maiƙon Hanci a Zafin Sakkwato: Jagora Mataki-Mataki

Tun da zafin bana ya kankama, tambaya guda ce take ta dawowa gare ni daga bakin mutane daban-daban, 'yan mata da matan aure har da samari masu fita nema: me ya sa hanci yake naso tun kafin hantsi ya dubi ludayi, alhali an wanke fuska da safe, kuma kumatu a bushe suke? Wata ta ce hoda ba ta daɗewa a hancinta sai ta cuccure, wani kuma ya ce tabarau ne yake ta zamewa har sai ya riƙa tura shi da yatsa. Ga amsar a wuri guda, bisa jerin da ya kamata a bi, tun daga abin da za a fara yi a gida har zuwa lokacin da ya dace a je wurin likita.

Kafin a kashe ko kwabo, a san cewa maiƙon nan ba ƙazanta ba ne, ba kuma alamar rashin wanka ba ne. Wasu ƙananan jakunkuna ne a cikin fata suke samar da shi, kuma sun fi yawa da girma a goshi da hanci da haɓa. Gado da sinadaran balaga ne suke ƙayyade yawansa, zafi kuma yana ƙara masa gudu, don haka a garin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu ba abin mamaki ba ne hanci ya riƙa sheƙi. Lamarin kamar rijiya mai ido ne, ko an kwashe ta tas da safe za ta sake tara ruwa kafin yamma. Abin da za a iya yi shi ne a rage nason, a hana ƙofofin fata toshewa, kuma a yi hakan ba tare da an ji wa fatar ciwo ba.

Mataki na 1: Tantance irin fatar

A wanke fuska da safe, a tsane ta, kada a shafa komai, a zauna a inuwa na tsawon awa ɗaya zuwa biyu. Daga nan a yagi tishu gida uku, a danna guda a kan hanci, guda a goshi, guda a kumatu, sannan a ɗaga su ta wajen haske. Idan duka ukun sun yi naso, fuskar gaba ɗaya mai maiƙo ce. Idan na hanci da na goshi ne kawai suka jiƙe, na kumatu ya fito a bushe, to fatar gauraye ce, kuma mafi yawan masu wannan tambaya a nan suke faɗawa. Wannan sakamakon shi zai nuna inda za a shafa kowane abu a matakan da ke gaba.

Gargaɗi: idan a lungun hanci, inda ya haɗu da kumatu, akwai ɓawo mai maiƙo yana saɓa, da ƙaiƙayi, ko wurin ya fi sauran fuska haske, musamman ga mai fama da amosanin kai ko ɓawo a gira, to wannan wani ciwon fata ne daban. Maganinsa na kashe ƙwayar naman gwari ne, irin su kirim ɗin ketoconazole, kuma likita ko masanin magunguna ne zai tabbatar. Mai irin wannan ya fara da ganin likita kafin ya bi sauran matakan.

Mataki na 2: Tanadin kaya da lissafin kuɗi

Abubuwa huɗu ne jigon aikin, kuma ga su bisa jerin da za a saye su idan aljihu bai kai a ɗauka lokaci guda ba. Na farko sabulun ruwa na wanke fuska marar ƙarfi, na jel ko mai kumfa. Na biyu sinadarin salisilik, wanda za a ga an rubuta salicylic acid a jikin mazubinsa, mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa kashi 2 cikin ɗari. Na uku man shafawa marar nauyi wanda aka rubuta oil-free ko non-comedogenic a jikinsa, ma'ana ba ya toshe ƙofofin fata. Na huɗu man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko fiye. Sai ƙananan kaya: tawul ƙarami guda biyu na fuska kaɗai, da tishu.

Yawancin waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin dala, kuma galibi man kariyar rana ne ya fi cin kuɗi. Akwai hanyoyi biyu na rage kashewa. Ta farko ita ce a sayi sabulun wanke fuska wanda dama akwai salisilik a cikinsa, an haɗa na farko da na biyu ke nan a kuɗi ɗaya. Ta biyu ita ce a tuna cewa hanci ƙaramin wuri ne, ɗigo biyu sun ishe shi, saboda haka ƙaramar kwalba tana iya yin watanni. Babu dalilin sayen jerin kwalabe bakwai ko takwas da masu talla a Instagram da TikTok suke haɗawa su kira shi saiti. A ganina rabin abin da ke cikin irin wannan saitin ado ne kawai, kuma idan fata ta yi bore ba za a san wanne ne ya jawo ba.

Gargaɗi: a saya a famasi mai rajista ko shagon da aka san shi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kayan da aka baje a faranti ko baro cikin rana a bakin kasuwa, ko da na gaske ne, zafi ya riga ya taɓa su. A gida ma kada a bar su a taga ko cikin mota. Duk man da aka ɗura a robar da babu rubutun abin da ke ciki, aka ce haɗi ne na musamman, a bar wa mai shi.

Mataki na 3: Wanki sau biyu, safe da dare

A fara wanke hannu. A jiƙa fuska da ruwa mai sanyin randa ko mai ɗan ɗumi kaɗan, a zuba sabulun kamar girman ƙwayar gyaɗa a tafin hannu, a murza ya yi kumfa, sannan a shafa da kan yatsu. A ba hanci haƙƙinsa: karan hanci, tsininsa, da lungunan nan biyu na gefe inda maiƙo da hoda suke maƙalewa, waɗanda yawancin mutane suke tsallakewa saboda gaggawa. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya sun isa. A ɗauraye sosai har kumfa ta fita daga lungunan, sannan a tsane da tawul ta hanyar dannawa, ba gogewa ba.

Wankin dare ya fi na safe muhimmanci, domin shi ne yake kwashe ƙurar yini da zufa da hoda da man rana. Wanda ya yi aikin ƙarfi ko wasan ƙwallo ya yi sharkaf da zufa yana iya ƙara wanki ɗaya. Bayan wannan, alwalar da muke yi sau biyar ta wadatar wajen wartsake fuska, kuma ruwa zalla ne, ba ya cutar da fata. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ajiye sabulu kusa da buta, duk alwala sai ya sa wa fuska. Sabulu sau biyar ko shida a yini yana kwashe garkuwar fata, wurin ya soma raɗaɗi da saɓa, maiƙon kuma ya dawo bayan 'yan awanni ya kwanta a kan fatar da ta riga ta yi gautsi. An tashi da matsala biyu ke nan a maimakon ɗaya.

Gargaɗi: idan bayan wanki fuska ta ɗaure tamau, har murmushi yana ja, sabulun ya yi ƙarfi, a canza shi. Sabulun wanki da omo da sabulun kashe ƙwayoyin cuta ba na fuska ba ne. Sabulun salo yana yanke maiƙo ƙwarai, amma da tokar ganyaye da ɓawo ake yin sa, yana da kaifi, kuma ƙarfinsa yana bambanta daga wannan curi zuwa wancan. Mai son amfani da shi ya murza a hannu ya yi amfani da kumfar kaɗai, kada ya goga curin a fuska, kada kuma ya bar kumfar ta bushe a kai. Soson wanka ma kada ya kusanci hanci. Haka nan ruwan tankin da ke saman rufi, wanda a bazara yake fitowa da zafi da rana tsaka, a tara shi a bokiti ya huce tukuna.

Mataki na 4: Shigar da salisilik sannu a hankali

Dalilin da ya sa aka fifita wannan sinadari a kan sauran shi ne yana narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya shiga cikin ƙofar fata ya sassauta abin da ya cushe a ciki. Kafin a kai shi fuska, a shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin dantse na 'yan kwanaki a ga ko zai tayar da ƙaiƙayi ko kumburi. Idan lafiya lau, a fara da dare, bayan wanki, fata ta bushe sarai. A ɗiga kaɗan a yatsa a shafa a hanci, da goshi da haɓa idan su ma suna naso, a bar kumatu. A makonni biyun farko a yi dare ɗaya a tsallake biyu. Idan babu raɗaɗi ko saɓa, a koma dare ɗaya a tsallake ɗaya, daga baya kuma kullum idan fata ta karɓa. Wanda ya sayi sabulu mai salisilik a ciki, ya bar kumfar a hanci kamar minti ɗaya kafin ya ɗauraye, da dare kawai a farko.

Akwai kuma sinadarin niyasinamaid, da ake rubutawa niacinamide, wanda mai ƙarfin kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari yana taimakawa wajen rage sheƙi da dusashe tabo, kuma ba shi da zafi. Da safe ake shafa shi. Ba dole ba ne, kuma kada a fara shi rana ɗaya da salisilik, a ba da tazarar mako biyu tsakani.

Gargaɗi: kada ya shiga ido ko cikin hanci, kada a shafa a kan rauni ko ƙurjin da ya fashe. Wanda asfirin ba ya karɓarsa ya guje shi. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi likita ko ungozomar asibiti a wurin awo kafin su fara. Ɗan tsikari na daƙiƙoƙi ba komai ba ne, amma zafin da ya ƙi tafiya alama ce ta a wanke a dakata.

Mataki na 5: Man shafawa, a raba fuska biyu

Mutane da yawa suna jin cewa mai hanci mai maiƙo ba ya buƙatar shafa mai ko kaɗan. Maiƙo daban, laimar fata daban, kuma sabulu da salisilik suna ɗauke laimar. Dabarar ita ce a ɗauki fuska a matsayin wuri biyu. Kumatu da gefen baki su sami rabonsu cikakke, hanci kuma a shafe shi da ɗan abin da ya rage a yatsa, na man nan marar nauyi. Basilin da man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun suna da amfaninsu a ƙafa da hannu da leɓe, amma a kan hanci mai naso sheƙi suke ƙarawa, man kwakwa ma yana toshe ƙofofin fata ga mutane da yawa. A lura kuma da man kitso da man shanun da ake sa wa gashi, domin idan zafi ya narkar da su suna gangarowa goshi, daga goshi hannu ya kai su hanci.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne mafi girma a jagorar nan: kada a yi maganin maiƙo ko ƙuraje da man bilicin, ko da kirim ɗin nan na kemis masu haɗin magani uku da ake saye ba tare da takardar likita ba. A karanta jikin kwalin, idan an ga clobetasol ko betamethasone, to maganin kumburi ne mai ƙarfi wanda ba a yi shi don shafawa a fuska kullum ba. A makonnin farko fuska takan yi sumul har a fara tambayar mutum sirrinsa, daga baya sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana a gefen hanci, ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su feso, kuma duk ranar da aka daina sai fuskar ta yi ja ta ɗauki zafi, abin da yake sa mutum ya koma ya sake saye. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan kada ta yanke shi dare ɗaya da kanta, ta je likita ya tsara mata yadda za ta janye.

Mataki na 6: Kariya daga rana

Baƙar fata ma tana buƙatarsa, musamman saboda rana ce take ƙara wa tabon ƙuraje duhu. A zaɓi na jel ko mai ruwa-ruwa wanda ba ya barin fari, a shafa shi a ƙarshe da safe, kamar minti 15 kafin fita. Alwalar azahar za ta wanke shi, saboda haka mai komawa cikin rana ya sake shafawa. Wanda kuɗinsa bai kai ba tukuna ya riƙe malfa ko lema, ya kuma nemi inuwa daga hantsi zuwa la'asar gwargwadon hali.

Mataki na 7: Abin da za a yi da rana idan naso ya taso

A ware tishu zuwa falle ɗaya, a ɗora a kan hanci, a danna da yatsa na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗaga. Shi ke nan. Akwai takardu na musamman da ake sayarwa don wannan aiki, amma tishu yana yi. Abin da ba a so shi ne dirza hanci da bakin hijabi ko gefen rawani ko hankicin da ya yini a aljihu, domin ƙura ake mayarwa fata ana kuma goge ta.

Ga masu kwalliya, a fara dangwale maiƙon sannan a sa hoda kaɗan. Hoda a kan maiƙo, a sake ɗora wata a kai bayan awa ɗaya, ita ce take cuccurewa ta cika lungun hanci. Soson hoda a riƙa wanke shi duk mako, kada kuma a yi aronsa a gidan biki. Masu tabarau su goge ƙafafun nan biyu da ke zama a karan hanci kowace rana da ruwan sabulu. Niƙabi da takunkumi da ƙyallen da 'yan kabu-kabu suke rufe hanci da shi saboda ƙura, duk a riƙa canza su kullum, na auduga ya fi. Rigar filo kuma a wanke ta aƙalla sau ɗaya a mako.

Mataki na 8: Baƙaƙen ɗigon kan hanci

Wanda ya matsa kusa da madubi zai ga ƙananan ɗigo a tsinin hancinsa, kuma iri biyu ne. Akwai masu launin toka ko ruwan ƙasa, ƙanana, a jere daidai wa daida, waɗanda idan an matsa sai wani siririn abu fari ya fito. Waɗannan halitta ce, hanyar da maiƙo yake bi ne ya fito, kowa yana da su, kuma ko an fitar da su za su sake cika cikin kusan wata guda. Akwai kuma baƙaƙe sosai, manya, ɗaiɗai, waɗanda suke toshewa ce ta gaske. Baƙin nasu ba datti ba ne, iska ce ta taɓa saman abin da ya cushe ya yi duhu, shi ya sa dirza ba ta fitar da shi. Duka biyun salisilik ne yake rage su, a hankali.

Sau ɗaya a mako ana iya shafa lakar gyaran fuska da aka tace, irin ta kaolin, a hanci kaɗai, a bar ta kamar minti 10, a wanke tun ba ta bushe ta tsattsage ba. Tana tsotse maiƙo na wannan yinin, don haka ta fi amfani a ranar fita taro. Filastar hanci da ake mannawa a ɓamɓare tana fitar da na sama-sama, ba laifi jefi-jefi, amma ba ga mai shafa salisilik kullum ko mai fata mai saɓa ba.

Gargaɗi: kada a matsa da farce, ko kan ashana, ko bakin biro. A fatarmu duk inda aka ji wa ciwo baƙin tabo yake bari, kuma tabon yakan yi watanni, ya fi ɗigon da aka so cirewa muni. Ƙurji mai zafi da ya fito a hanci ko saman leɓe ya fi haɗari, domin jijiyoyin jinin wannan yanki suna da hanyar da ta kai cikin ƙoƙon kai, kuma ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, matsa shi yana iya tura cuta ciki. Lemon tsami da makilin da kanwa da hodar kumbura fulawa (baking powder) da sifirit, waɗanda ake ta yaɗawa a matsayin maganin gida, ƙona fata suke yi. Lemon tsami ma idan rana ta same shi a fata yana iya barin shaida mai duhu. Amare kuma su sani cewa dilka da halawa aikin jiki ne, a yi wa fuska sassauci, kuma duk wani sabon mai a fara shi wata biyu kafin biki, ba saura mako ɗaya ba.

Mataki na 9: Sauya tsari bisa yanayi

Tsarin da ya yi daidai a Afrilu zai yi yawa a Janairu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, iska busasshiya ce, kumatu da leɓe suna tsagewa alhali hanci bai daina naso gaba ɗaya ba. A lokacin a mayar da salisilik sau biyu ko uku a mako, da safe a wanke da ruwa zalla idan fata tana ɗaurewa, a ƙara wa kumatu mai, a bar sabulun salo. Da bazara a koma wanki biyu cikakku da man da ya fi kowane rashin nauyi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, zufa ba ta saurin bushewa, sai a fi dogara da dangwalar tishu.

Game da abinci, man da aka ci a ƙosai ko soyayyen nama ba shi ne yake fitowa ta hanci ba, sai dai wanda hannu ya kai can. Abin da bincike ya fi dangantawa da ƙurajen fuska shi ne yawan sukari da kayan fulawa, da madara ga wasu mutane. Mai ƙuraje yana iya rage lemon kwalba da sukarin shayi ya ga ko zai ga bambanci. Shan ruwa da yawa wajibi ne a zafinmu, amma ba ya rage maiƙon hanci.

Mataki na 10: Auna sakamako, da lokacin ganin likita

A ɗauki hoton hanci a ranar farko a wajen taga, ba tare da filtar gyaran hoto ta waya ba, a sake ɗauka bayan mako 6 zuwa 8 a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Kafin wannan wa'adi kada a yanke hukunci, kada kuma a riƙa sauya kaya duk mako. Alamar nasara ita ce naso ya riƙa jinkirin tasowa, ɗigon su ragu, kuma babu raɗaɗi.

Idan baƙaƙen ɗigo da ƙuraje sun ƙi ja da baya, mataki na gaba shi ne jel ɗin adapalene mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, bisa shawarar likita ko masanin magunguna. Girman ƙwayar wake ya ishi fuska duka, da dare ake shafawa, sau biyu ko uku a mako a farko, ba a haɗa shi da salisilik a dare ɗaya, kuma yakan ɗauki kimanin mako 12 kafin a ga cikakken aikinsa. Gargaɗi: mai ciki da mai neman ciki ba sa amfani da shi. Haka ƙwayar isotretinoin, wadda take rage maiƙo sosai, tana nakasa jariri a ciki, likitan fata kaɗai ke rubuta ta tare da sa ido, kada a karɓe ta daga hannun ƙawa ko mai kemis.

A je asibiti kai tsaye idan ƙurajen manya ne masu zafi suna barin rami, ko hanci ya kumbura tare da zazzaɓi, ko kuma mace ta ga maiƙo da ƙuraje sun ƙaru tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa, domin wannan yana iya zama matsalar sinadaran jiki da mai na shafawa ba zai gyara ba. A cikin gari ana iya farawa da Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a nemi a tura mutum wurin likitan fata. Ranar zuwa kada a sa hoda, kuma a zuba duk abin da ake shafawa a leda a tafi da shi, har da haɗin da babu suna a jikinsa, a gaya wa likita tsawon lokacin da aka yi ana amfani da kowanne.